Tambayi Kafinta: Gado mai durowa, in haɗa da kaina ko in kai wa masu sana'a?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato gadon nan da ake yi wa durowoyi ko akwati a ƙasansa, kuma ban yi mamaki ba, kuɗin haya a Kano ya tura mutane da yawa ɗaki ɗaya ko ciki da falo, su kuwa kaya ba raguwa suke yi ba. Na ɗauko guda biyar, waɗanda ba su ga nasu ba su duba da kyau, ina jin amsarsu na ciki.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Kurna: "Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ciki da falo nake haya ni da iyalina da yara biyu, akwatunan lefe har yau suna nan jibge a bayan ƙofa ga bakko guda uku cike da barguna da kayan sanyin yara, wallahi wajen shimfiɗa darduma ma sai an yi ture-ture. Na ɗan zauna a shagon kafinta ina yaro, ina da zarto da hama da tef. Zan iya haɗa gado 6 bai 6 mai durowa a tsakar gida ko dai in haƙura in kai wa masu sana'a?"

Wa'alaikumus salam Malam. Za ka iya, amma kar ka ce da zarton hannu za ka yanka filawud ɗin, nan ne yawancin masu haɗawa a gida suke ɓata aikinsu, yanka ya ɗan karkace kaɗan shi ke nan durowa ta ƙi shiga. Ka rubuta awonka a takarda ka tafi da ita 'Yan Katako, ko ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo wadda ma ta fi kusa da kai, a nan inda ka sayi kayan akwai masu inji, ka tsaya a kansu su yanka maka, kai aikinka a gida haɗawa ce kawai.

Kafin komai ka auna katifarka, ita kanta, ba abin da mai shago ya ce maka ba. Katifu da yawa da ake kira 6 bai 6 in ka ɗora musu tef za ka ga tsawonsu inci 75 ne faɗinsu 72, wanda ya yi gado mai tsawon inci 72 cif sai ka ga katifa ta tokare ta yi tudu a tsakiya. Ka ƙara kamar rabin inci a kowane gefe don hannun uwargida ya samu shiga in za ta cusa zanin gado. Sai ka auna ƙofar ɗakin, ka auna ta falo, in akwai soro ko lungu mai kwana shi ma ka duba shi.

Shi ya sa ni kullum nake cewa kar a yi irin wannan gado dunƙule guda. Akwati biyu za ka yi, kowanne faɗin ƙafa uku tsawon katifa, ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya a kwance ta gefe, in sun shiga ɗaki ka jera su ka ɗaure da noti guda uku ko huɗu ta tsakiya. Kai da kake gidan haya wannan ya fi maka komai muhimmanci, ranar da tashi ya kama ka kwance noti kawai za ka yi, 'yar ƙurƙura ɗaya ta kwashe maka su, ba sai an kira wani ya zo da hama ya farfasa gado ba. Sannan inda bangon akwatunan biyu suka haɗu a tsakiya nan ne nauyin mutane ke sauka, ka ga ka samu ginshiƙin tsakiya ba tare da ka sayi wani katako dominsa ba.

Tsayin akwatin ka bar shi inci 14. In katifarka inci 10 ce ka ga gado ya tashi ƙafa biyu daga ƙasa, daidai zaman mutum, tsoho zai sauka ba wahala yaro ma zai hau. Kuma shi filawud ƙafa 4 bai 8 yake zuwa, in aka tsaga shi inci 14-14 a tsawo zai ba ka falle uku har da ragowar siriri, falle ukun nan sun ishe ka bangon baya na akwati ɗaya da kai da ƙafa da rabe-rabe biyu na ciki. Wato filawud ɗaya ya ishi waɗannan bangayen na akwati ɗaya, ban da durowoyi. Ka sayi mai kaurin milimita 18, kar mai kaya ya lallaɓe ka da mai 12 wai ai duk ɗaya ne, mai 12 na jikin durowa ne, gindin durowa kuma in za ta ɗauki atamfofi da lesuka kar ya gaza milimita 9, don tufafi in sun taru nauyi gare su fiye da yadda ake zato.

Rabe-rabe biyun nan za su ba ka gurbi uku a kowane akwati, kowanne wajen inci 24. Amma gurbin da ke wajen kai ban cika son a yi masa durowa ba, don nan ake ajiye bedsayid ko fanka, sai ka ga durowar ba a taɓa buɗe ta. Ka yi masa murfi ta sama, ka zuba kayan da sai shekara-shekara ake nema kamar barguna da rigunan sanyi. Haka in gefe ɗaya na gadon zai manne da bango, wannan akwatin gaba ɗayansa murfi za ka yi masa, ka huta da sayen ƙarfen durowa. Gefen da ke da durowa kuwa yana buƙatar fili aƙalla ƙafa biyu kafin wadurof ko bango, ka auna wannan ma tun kafin ka kashe ko sisi.

Ƙarfen durowa, wanda take gudu a kai mai 'yan ƙwallaye a ciki, rabin inci yake ci a kowane gefe. Saboda haka in gurbi inci 24 ne durowa 23 za ka yi, ba ƙari ba ragi, nan wajen ba a kintace. Ka nemi mai tsawon inci 20 ko 22, za ka samu a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ka ja shi da hannunka a shagon ka ji ko yana tafiya sumul. In kuma ka ga lissafin zai ba ka wuya akwai hanya mai sauƙi wadda ni ban raina ta ba ko kaɗan, ka yi wa durowar ƙananan tayoyi huɗu ta riƙa gudu a kan tayil ko siminti, ba ruwanka da ƙarfe, kuma za ka iya yin ta da zurfi har kusan ƙafa uku. Illarta kawai in ɗakin kafet ne mai laushi ko ledar ƙasa, za ta riƙa tattare ledar.

Wajen haɗawa, gam ɗin katako da sukuru, ba ƙusa ba. Ƙusa a bakin filawud saki take yi da an kwana biyu ana hawa ana sauka. Ka fara huda ƙaramin rami da injin huda kafin ka ɗaura sukuru don kar katakon ya tsage, in ba ka da injin ka ara ko ka yi haya na yini ɗaya. A kowace kusurwa ta ciki ka ƙara guntun 2 bai 2 da gam. Kuma kafin gam ya bushe ka ja tef daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta ta can ƙarshe, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren, in awon biyu ya zo ɗaya akwatinka ya miƙe, in bai zo ɗaya ba ka tura shi har sai ya zo. Wannan ɗan awon na minti biyu shi ne bambancin durowar da yaro zai ja da yatsa da wadda sai an sa ƙafa an tokare.

Saman da katifa za ta kwanta kuma kar ka rufe shi ruf. Ko ka jera katako da tazarar da ba ta wuce inci uku ba, ko in filawud ka shimfiɗa ka huhhuda shi. Mutum gumi yake yi cikin dare, balle zafin watan Afrilu na garin nan, in katifa ba ta shan iska ta ƙasa za ka ɗaga wata rana ka ga baƙi-baƙi. Allon gado ka bar shi ƙarshe, in kuɗi sun ƙare ma ka kwana ba shi, ba abin da zai same ka.

Tambaya daga wata uwa a Rijiyar Zaki: "Malam ina wuni, ya aiki. 'Yata zan aurar bayan sallah in sha Allah, na je wajen masu kayan ɗaki na ga gadaje masu durowa masu kyau sosai sai sheƙi suke, an ce min MDF ne. Ƙanina ya ce kar in saya wai ba sa ƙarko gara a yi na katako zalla. Ni dai na rasa wanda zan bi."

Hajiya lafiya lau, Allah Ya sanya alheri Ya ba su zaman lafiya. Ƙaninki yana da gaskiya amma ba duka ba. Shi MDF garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, fuskarsa sumul, yana karɓar fenti da ado fiye da kowane katako, shi ya sa yake ɗaukar ido. Matsalarsa ruwa. In ya sha ruwa kumbura yake yi kamar burodin da ya faɗa kofin shayi, kuma ba ya komawa. To kin san amarya da mofin, safe da yamma, ruwan nan yana bin tayil yana taɓa gindin gado kullum, kafin a yi suna na fari sai ki ga ƙasan ya fara ɓarewa. Sannan bakinsa ba ya riƙe sukuru da kyau, in an kwance an sake ɗaurawa sau biyu ramin ya zama gari.

Amma shi ma "katako zalla" ɗin akwai magana a kansa. Yawancin katakon da muke aiki da shi daga kudu yake zuwa, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, inda iska ke da laima, wani ma ba a daɗe da sare shi ba aka loda shi a mota. In kafinta ya yi sauri ya haɗa shi ɗanye, da hunturu ya buga a watan Disamba zuwa Janairu sai ya fara tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa ba ta tsawo ba, sai mahaɗa ta buɗe, durowa ta murɗe, wani ma ki ji ya tsage da dare. Gadon katako ɗanye bai fi na MDF daɗewa ba. Busasshe ake nema, kuma ana gane shi, ɗanye ya fi nauyi, in kin dafa shi za ki ji sanyi-sanyi, garinsa in an yanka dunƙulewa yake yi a hannu. Tunda bikin da saura, ki ce a sayi katakon yanzu a jera shi a inuwa da 'yan itatuwa a tsakani iska na ratsawa, ya yi makonni kafin a taɓa shi.

Ni in 'yata ce ga abin da zan yi. Ƙashin gado, wato firam da duk inda nauyi ke sauka, busasshen katako mai ƙarfi, maɗaci ko loko in aljihu zai ɗauka, in ba haka ba malaina wadda ta bushe sosai, ita tana jinkirin bushewa amma in ta bushe ba ta cika motsi ba. Farin katakon nan mara nauyi kar a sa shi a firam, laushi gare shi kuma ƙwari na son sa. Akwatuna da durowoyi filawud. MDF ɗin a bar shi a allon gado da fuskar durowa inda ake son kyau, a kuma ɗaga gadon daga ƙasa da 'yan ƙafafun roba ko na katako kamar inci ɗaya.

Abin da ke damuna da kayan ɗakin amare a garin nan shi ne kuɗin duk a fuska suke ƙarewa, madubi da fitilu da kushin, 'yan ganin ɗaki su yaba, ƙasan kuwa ragowar katako ne aka harhaɗa da ƙusa. Hajiya in kin koma shagon ki ce a ɗaga miki katifa, ki zaro durowa ɗaya gaba ɗaya ki juya ta ki ga gindinta, ki danna da hannu. Mai aikin kirki ba zai ji haushin haka ba.

Tambaya daga wata matar aure a Ɗorayi: "Yallaɓai ni gadon ina da shi tun bara, amma da damina na buɗe durowa na tarar lesukana duk sun yi fumfuna suna wari, ga kyankyasai, yanzu kuma ina zargin har kuɗin cizo sun shiga. Maƙwabciyata ta ce in fesa fiya-fiya in zuba kafur da yawa. Ina da jariri ɗan wata uku."

Ƙanwata dan Allah kar ki yi ko ɗaya a cikin biyun. Fiya-fiya guba ce mai ƙarfi, ba abin fesawa ba ce a gadon da ke da jariri za ku kwanta ku shaƙa har asuba. Haka ƙwayar nan da ake sa wa a buhun wake da masara, wasu na jefa ta ƙarƙashin gado don kuɗin cizo, iskar da take fitarwa tana kashe mutum a ɗaki rufe, kar ta shigo miki gida ma. Shi kuma kafur, likitocin yara suna hana sa shi a kayan jarirai, don akwai yaran da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu ƙwayoyin jini ya kawo shawara mai tsanani, kuma ba za ki san ko naki na cikinsu ba sai an gwada. Ki raba shi da kayan yaron gaba ɗaya.

Fumfuna laima ce ta kawo ta. A watan Agusta ƙasan ɗaki kan yi sanyi, bango ma yana tsattsafo a gidaje da yawa, durowa kuma a rufe ba iska. Ki fitar da komai ki shanya, ki zaro durowoyin ki kai su rana, ki sa a huda 'yan ramuka a bayan kowace a rufe ramin da guntun raga irin ta taga don ƙwari. Ki janye gadon daga bango ko da faɗin tafin hannu ne. Kaya kuma kar ki ninke su ki zuba sai sun bushe ƙarau, wanda aka yi wa guga ki bari ya huce tukuna.

Kuɗin cizo kuwa a mahaɗar katako da ɗinkin katifa suke ɓuya, ki haska da fitilar waya za ki ga ɗige-ɗigen baƙi in suna nan. Zafi ne maganinsu. Zannuwan gado da gidan sauro a ruwan zafi sosai, katifa a rana tsaka a juya ta, gadon a kwance shi a bi mahaɗa da buroshi, duk wata tsaga a cike ta a shafe da banish. Ƙwansu yana ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana goma, don haka sai an maimaita, sau ɗaya ba ya isa. In sun yi yawa ki kira masu feshi waɗanda suka san aikin, ki gaya musu akwai jariri, ke da shi ku tafi gida ku kwana biyu har warin ya fita.

Tambaya daga wani matashi a Hotoro: "Oga na ga wani gado a Facebook wanda ake ɗaga katifar gaba ɗaya da hannu ɗaya, ƙasan duk ma'aji ne. Ɗakina ƙarami ne ba wajen jan durowa. Ana iya yin sa a nan?"

Ana yi sosai ɗan'uwa, kuma ga ɗaki irin naka ya fi durowa. Ƙarfen haidurolik ne guda biyu irin na but ɗin mota, ana sayar da su da hannayensu a wajen masu kayan kafintoci. Kowanne akwai lamba a jikinsa da harafin N, ita ce ƙarfinsa, kuma da nauyin katifarka da firam ɗin ake zaɓa. In ya yi ƙarfi da yawa gado ya ƙi rufuwa, in ya yi rauni ya faɗo maka a ka kana tsaka da neman takalmi. Ka gaya wa mai shago girman katifar da kaurinta da ko mai sifirin ce, don ita ta fi soso nauyi nesa. Firam ɗin da ke ɗagawa na fi son mai walda ya yi shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inda hannayen za su kama akwatin kuma a yi noti mai ratsawa ba sukuru ba, don duk ƙarfin nan wajen yake ja.

Wannan kam ban ba ka shawarar ka haɗa shi kai kaɗai ba in ba ka taɓa yi ba, ka yi akwatin da kanka ka kira wanda ya saba ya ɗaura maka ƙarfen. Kuma ka sa sandar tokare a ciki, duk sanda ka buɗe ka kafa ta, don haidurolik yana sanyi da shekaru ba tare da ya yi maka sallama ba. In akwai yara a gidan, ko ƙannenka ne masu shigowa, ka sa masa sakata ko kwaɗo. Yaro in ya ga irin wannan wuri wasan ɓuya zai fara tunani, kuma daga ciki ba zai iya ɗaga katifa ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo a Yakasai: "Ɗana, gadon da aka yi min bai shekara ba ya fara ƙara, ko juyi na yi sai ya yi kuka. Ko an cuce ni ne?"

Baba Allah Ya ƙara lafiya, ba lallai an cuce ka ba. In da damina aka haɗa shi, hunturu ya busar da katakon ya ɗan tsuke, notin da ke ɗaure tam a da yanzu ya samu sarari. Ka sa yaro ya sauke katifa ya bi duk notin da sifana ya ƙara ɗaure su, wanda ba shi da washa, wato ɗan faifan ƙarfen nan da ake sa wa a ƙarƙashin noti, a sa masa. Inda katako ke gugar katako a goga masa kyandir ko a saƙala guntun tsohon bargo. Sai a duba ko ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa sosai, don daɓen tsofaffin gidajen cikin gari ba kasafai yake zuwa daidai ba, in haka ne a sa mata guntun roba. In an yi duk wannan bai daina ba to katakon tsakiya ne ya tsage, a kira wanda ya yi aikin ya canza shi, kuma wannan karon a ce masa busasshen 2 bai 4 ake so.